Babi na Shida: Ragowar da Ke Ƙarshen Baranda

Idan ka fito daga cikin birnin Zariya ta Ƙofar Doka ka miƙe Tudun Wada, ka riƙa ɗaga kai kana duban benaye. Bar batun fenti da tayil. Ƙarfen da aka tare baranda da shi za ka bi da ido, daga wannan bango zuwa wancan. A gidaje da dama za ka tarar sandunan sun taso a jere gwanin sha'awa, kowace tazara daidai da 'yar'uwarta, sai an zo dab da ƙarshe lissafi ya watse. Wani wurin sanda biyu sun matse har sun kusa haɗewa, wani wurin kuma an bar giɓin da yaro zai zura kai ba tare da ya sha wuya ba. Sau da yawa waldar kanta ba ta da aibu, an goge ta, an shafe ta da fenti. Ɓarnar ta riga ta auku tun kafin a kunna inji, a lokacin da aka ɗora tef a bakin bututu aka fara ɗiga alli daga gefe guda.

Wannan ciwon kai sabo ne a ƙasar Zazzau. Maginin gargajiya idan ya gama rufin soro, rawani yake ɗora masa, gajeriyar katangar ƙasa a toshe, ga zankwaye a kusurwa, ga indararo na zubar da ruwa. Babu wata rata da za a lissafa. Amma rabon fili ba baƙonsa ba ne. Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sai da ya san iyakar abin da azarar giginya za ta iya ɗauka kafin ya yanke inda kowane ginshiƙi zai tsaya, da yadda bakan gizo zai tashi daga kansa. Ɗakin gaba ɗaya yake fara dubawa, sannan ya raba shi.

Ƙarfe da siminti da kwano jirgin ƙasa suka biyo, wanda layinsa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Tudun Wada ita ma 'yar wannan zamani ce, domin Turawa ne suka ware ta a wajen ganuwa saboda 'yan Arewa da ba haifaffun birni ba, kamar yadda suka ware Sabon Gari a ƙetaren Kubanni. Yau ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a gefenta, ga ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa kowa na neman ɗakin haya. Fili ya yi tsada, sai mai gida ya yi sama. Kowane bene kuwa da barandarsa da matattakalarsa, duk suna jiran mai walda.

A ɗauki baranda mai tsawon milimita 3,700 daga bango zuwa bango. Shingen da za a yi mata yana da manyan ƙafafu da ake kafewa a jikin dekin, mu kira su dirkoki, da bututu biyu a kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai ƙananan sanduna a tsaye tsakaninsu. A ce dirkar bututu ce mai kusurwa huɗu, faɗinta milimita 40, irin wanda a kasuwa za a ce maka inci ɗaya da rabi. A ce kuma an tsayar da shawara kada tsakanin dirka da dirka ya wuce milimita 1,200, don kada shingen ya riƙa lilo in an jingina da shi. Dirka ta farko na manne da wannan bango, ta ƙarshe da wancan, saboda haka daga tsakiyar ta farko zuwa tsakiyar ta ƙarshe 3,660 ke nan.

Abin da hannu ya fi saurin yi shi ne a auna 1,200 a ɗiga, a sake aunawa a ɗiga, a kuma sakewa. Uku sun cinye 3,600, saura 60. Dirka ta huɗu da ta biyar za su tsaya ke nan da ratar milimita 20 kacal a tsakaninsu. Mai walda mai ido ba zai yarda da wannan ba, sai ya cire ɗaya, ya bar gurbin ƙarshe ya zama 1,260, ya ce ai babu mai lura. A kan dirkoki wataƙila ba a lura ba. Amma ƙarin milimita 60 ɗin nan yana nan, zai jira shi a wurin jera sanduna, can ne zai fito fili.

Ɗaya hanyar daga jimilla take farawa. A raba 3,660 da 1,200, a samu 3.05. Babu gurbi uku da ɗigo a duniyar ƙarfe, kuma tunda an ce kada a wuce 1,200, sama za a ɗaga lambar, ta zama huɗu. Sai a koma a raba 3,660 gida huɗu, kowane gurbi ya tashi da 915. Gurbi huɗu, dirka biyar, babu ragowa. Mai kitso ta daɗe da sanin wannan: ba ta kama gashi daga bakin kunne ta yi ta tafiya sai ta ga abin da ya rage a ɗaya gefen, tsaga take fara yi a tsakiyar kai, ta raba, sannan ta soma kamu. Lura kuma da cewa 1,200 ɗin nan iyaka ce aka gindaya, ba umarni ba. Mafi yawan munanan shingayen da ke gari daga rikita waɗannan biyu suka samo asali.

Cikin kowane gurbi, idan an cire faɗin dirka, filin da ya rage 875 ne. Nan lissafin yake juyawa, kuma nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. A kan dogon layi dirkoki sun fi gurabe yawa da ɗaya, saboda akwai dirka a kowane baki. A cikin gurbi kuwa ratoci ne suka fi sanduna yawa da ɗaya, saboda da rata ake farawa, da rata ake ƙarewa. Idan sandar milimita 20 ce, aka sa guda bakwai, sun ci 140, saura 735 da za a raba wa rata takwas, kowacce ta samu kusan 92. Idan aka sa shida don tsimi, ratar ta zama kusan 108.

Bambancin 92 da 108 bai kai kaurin yatsa ba, amma a kansa magana take. Dokokin gini na Ingila sun ce a ginin da ƙananan yara za su shiga, kada shinge ya bar ramin da ƙwallo mai faɗin milimita 100 za ta iya wucewa ta ciki. A Amurka ma'aunin inci huɗu ne, kusan abu ɗaya ke nan, kuma can ma a da sun yarda da inci shida kafin su rage. Dalilin jikin yaro ne: inda rata ta yi faɗi yana iya sulalewa gaba ɗaya, ko jikinsa ya wuce kansa ya maƙale. A Ingila tsayin shingen barandar waje milimita 1,100 ne, kuma ana so ya jure turin da ya kai nauyin kilo 75 ko kusa da haka a kowace mita. Gidan haya a Tudun Wada ba ya rasa yara, kuma baranda ce filin wasansu da wurin shanyar iyayensu mata. Sanda huɗun da aka yi tsiminsu a duk barandar ba su kai kuɗin buhun siminti ba. Haka nan sandunan kwance da ake yayi yanzu, masu kyau a hoto, tsani ne aka kafa wa ɗan shekara uku, ni dai ba na ba kowa shawarar su a gidan iyali.

Duk wannan babu abin da ya buƙaci kwamfuta. Wanda ya yi darasin zanen fasaha a sakandare ya san dabarar raba layi gida bakwai ba tare da lissafi ba: a ja wani layi a karkace daga baki ɗaya, a ɗiga taki bakwai daidai wa daida a kansa, a haɗa na ƙarshe da ƙarshen layin farko, sauran a zame sikwaya a bi sahu. Da irin wannan aka horar da masu zanen gini a Zariya tun lokacin da aka dawo da sashen koyar da su daga Ibadan a 1955, shekaru bakwai kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Wahalar allon zane ita ce sauyi. Mai gida ya ce a ƙara wa baranda ƙafa biyu, sai a kankare sanduna ashirin da takwas a sake zana su ɗaya bayan ɗaya.

Maganin wannan wahala tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna shi a Amurka da manhajarsa Sketchpad: a zana abu sau ɗaya a matsayin uwa, a yi ta ɗora kwafinsa, in an gyara uwar duk 'ya'yan su gyaru. AutoCAD, wadda ta fito a 1982 kuma har yau ita ce aka fi buɗewa a ofisoshin zane na Najeriya, ta gaji wannan tunani a cikin abin da ake kira bulok, wato ƙunshin layuka da aka ba suna ɗaya. Ka zana dirka sau ɗaya, ka sa mata wurin kamawa a tsakiyarta, ka ajiye.

Abin sha'awa, hanyoyin nan biyu na mai walda suna nan a cikin manhajar, kowacce da umarninta. MEASURE tana farawa daga bakin layin da ya fi kusa da inda ka taɓa, ta yi ta ɗiga tazarar da ka ba ta, ta bar maka ragowa a ƙarshe. DIVIDE tana tambayarka gida nawa, ta raba layin daidai. Dukansu biyu suna iya ɗora bulok maimakon ɗigo. Saboda haka mafi sauƙin aiki shi ne ka ja layi daga tsakiyar dirkar farko zuwa tsakiyar ta ƙarshe, ka kira DIVIDE, ka ba ta sunan bulok ɗinka, ka ce huɗu. Za ta ɗora uku a tsakani, na bakin biyu kai za ka sa da hannunka, domin ba ta taɓa ƙarshen layi. A SketchUp ma haka ne: in ka kwafi dirka zuwa wani nisa ka rubuta x4, tazarar take ninkawa, in ka rubuta /4, raba ta take yi.

Sai dai wannan duk zane ne a tsaye, in tsawo ya sauya sai an sake. Daga fitowar AutoCAD 2006 aka samu bulok mai motsi, wanda kake kama kibiyarsa da linzami ka ja, ya miƙe. Ana shiga wurin gyaransa da BEDIT. A ɗora ma'aunin tsawo daga baki zuwa baki, a ɗaura masa aikin miƙewa wanda zai ja bututun sama da na ƙasa da dirkar ƙarshe, sannan a ɗaura masa aikin jerawa wanda zai riƙa haifar da sabuwar dirka. Ɗalibi ya gama wannan, ya ja kibiya, ya ga dirkoki na ɓullowa da kansu, sai murna. Murnar ba ta daɗewa. Aikin jerawar nan tazara ɗaya tak ya sani, wadda aka rubuta masa tun farko. Ka ba shi 1,200, to duk lokacin da tsawo ya ƙaru da 1,200 zai ƙara dirka, abin da ya rage kuma ya bar shi a ƙarshe. Ka ja shi zuwa 3,660, ga dirka biyun nan sun matse da ratar 20. An kashe dare guda an koya wa kwamfuta kuskuren da ake gudu.

Wasu sai su ɗaure ma'aunin, su ce kada ya motsa sai da tsallen 1,200. Ragowa ta ɓace a kan allo, gaskiya ne, amma barandar da birkila ya gina ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Hanyar da ta fi ita ce a bar aikin jerawar nan, a yi amfani da jeri mai rai da ya zo a fitowar 2012, wanda yake karɓar lissafi a gurbin lamba. A sa wa tsawon shingen ma'auni mai suna. A rubuta cewa yawan gurabe shi ne wannan tsawo a raba da 1,200, a ɗaga sama da ceil, wadda ke mayar da 3.05 ta zama 4. Yawan dirkoki shi ne wannan lamba a ƙara ɗaya. Tazara kuma tsawon ne a raba da yawan gurabe. Layi uku ke nan, kuma su ne dai lissafin da muka yi ɗazu. A maimaita irinsa ga sanduna, tare da tuna cewa can ratoci ne suka fi yawa. Wanda ya koma Revit zai tarar an riga an dafa masa, domin a cikin tsarin shingenta akwai zaɓin da ke baza sanduna su cika tsawon daidai. Wanda kuɗin lasisi ya fi ƙarfinsa yana iya rubuta lissafin nan a FreeCAD, ita kyauta ce.

Amfanin wannan wahala yana bayyana ne ranar da aka gama filasta. A takarda baranda 3,700 ce. Bayan an shafe bango biyu, kowanne ya ci milimita 15, sai tef ya nuna 3,670, in ma an yi sa'a bulo ya hau bisa igiya. Mai bulok mai motsi lamba ɗaya zai sauya, tazarar dirka ta koma 907.5, rata ta koma kusan 91, ya tura sabon zane kafin la'asar. A bene mai baranda takwas, da wuya a samu biyu da tsawonsu ya zo ɗaya, kowacce da nata awon. Don haka babu dalilin a yanka ƙarfe da awon takarda, sai an je an auna abin da aka gina, a sama da ƙasa, domin bangon da ya karkace yakan ba da lamba biyu.

Amma kada a sakar wa lissafi ragama. A ce a fuskar gini ɗaya wata baranda ta tashi 3,630, ta kusa da ita 3,660. Ta farko, bayan cire faɗin dirka, 3,590 ce, lissafi zai ba ta gurbi uku. Ta biyu 3,620, zai ba ta huɗu. Kowacce ta bi ƙa'ida, amma mai wucewa a titi zai ga ɗaya da dirka huɗu, maƙwabciyarta da biyar, alhali a ido tsawonsu ɗaya. Manhaja ba ta tsayawa a tsallaken titi ta dubi gini. Nan mai zane zai sa baki ya ce duka huɗu. Haka ma idan akwai ƙofa a tsakiyar baranda: gurbi huɗu na kafa dirka a tsakiyar ƙofar cif, uku ko biyar na bar mata fili. Bulok mai kyau yana barin ƙofar da mutum zai rubuta yawan gurabe da kansa.

Sai kuma miƙa aiki, inda zane mai kyau yakan mutu. Yawanci ta WhatsApp ake tura shi, a buɗe a ƙaramar waya a bakin shago, ga ƙarar janareta. Ba a auna komai a kan allon waya, abin da aka rubuta da lamba shi kaɗai ne ya isa wurin. Matashin mai zane zai ce, "Baba, ratar milimita casa'in da biyu ce." Amsar da zai samu sananniya ce: "Injiniya, faɗa mini da inci." Najeriya ta koma awon mita tun shekarun 1970, amma har gobe bulo inci tara ne ko shida, katako da bututu ma da inci ake cinikinsu. Babu amfanin gardama. A rubuta duka biyu, 92 ta yi daidai da inci uku da biyar bisa takwas. A rubuta kaurin bututun ma, domin mai faɗin 40 akwai mai nama akwai mai kama da gwangwani, kuma araha ba ta ado.

Mai walda zai yanki guntun ƙarfe daidai da ratar, ya riƙa sa shi tsakanin sanda da sanda yana ɗigawa da wuta. Dabara ce mai kyau, sai dai tana tara kuskure. Idan guntun ya zarce da milimita 2, aka bi rata 32 da shi a jere ba tare da waiwaye ba, an kauce da 64, ragowar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. Maganin a zanen yake. Maimakon jerin awo daga wannan sanda zuwa waccan, a ba da awon kowace dirka daga bango ɗaya: 20, 935, 1,850, 2,765, 3,680. A fara kafa waɗannan biyar, sannan a cike kowane gurbi shi kaɗai, kuskuren gurbi ya mutu a cikinsa. A haɗa da jerin yanka: in tsayin shinge 1,100 ne, bututun sama da na ƙasa kowanne 40, aka bar 100 a ƙasa, kowace sanda 920 ce. Bututu mai mita 6 zai ba da shida, don haka 28 na buƙatar bututu biyar, har a samu rarar biyu. Mai gida da ya ga wannan lamba kafin a tafi kasuwa ba zai zargi kowa da cin ƙarfe ba.

Matattakala tana da nata tarkon. Ratar da yaro zai bi a kwance ake aunata, amma mai walda a jikin bututun da ya karkace yake ɗiga alli. A matakalar da kowane taki ke hawa 150 yana tafiya 300, tsawon gangaren taki ɗaya kusan 335 ne. Sandunan da ke da 112 daga tsakiya zuwa tsakiya a kwance, a jikin gangare 125 za a auna musu. In aka ɗiga 112 a gangare ba a yi haɗari ba, ƙarfe kawai aka ɓarnatar. In kuwa mai zane ya ba da 125 bai ce na gangare ba ne, aka ɗauke shi a kwance, rata ta zama 105, ta haura iyaka. A ARRAYPATH, wadda ke jera abu bisa layi kowane iri, sai an kashe zaɓin da ke juya kowace sanda ta bi karkatar layin, in ba haka ba duk za su kwanta su bi gangare maimakon su tsaya cak. Akwai kuma ramin nan mai kusurwa uku da ke buɗewa tsakanin taki da bututun ƙasa, wanda a Amurka aka ce kada ƙwallo mai inci shida ta wuce ta cikinsa. Shi ma sai an shimfiɗa tayil ake sanin girmansa na gaskiya, domin takin farko da na ƙarshe su ne suka fi sauyawa bayan an daidaita daɓen ƙasa da na sama.